Yarona sai an yi ta maimaita masa magana kafin ya motsa

Wata uwa daga Gusau: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yarona shekararsa 8, likita ya ce yana da galahanga, wato otizim. In na ce "ɗauko takalminka", sai ya tsaya ƙiƙam kamar bai ji ba. Sai na maimaita, na ɗaga murya, can ya tafi ya ɗauko. A makaranta ana goge allo bai gama kwafa ba, har malaminsa ya ce daƙiƙi ne. Amma a Islamiyya haddarsa ta fi ta yayyensa. Ƙwaƙwalwarsa ce ba ta girma daidai ko me?

Malamar yara masu buƙata ta musamman: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Fahimta daban, saurin sarrafa abin da aka ji daban. A gwajin basira na WISC akwai sashen da ke auna sauri kawai: a ba yaro takarda da fensir ya yi ta haɗa alamomi da lambobi cikin minti 2. Matsakaicin maki 100 ne. Yara masu galahanga da yawa a nan suke faɗuwa, alhali sun yi fice a sashen haɗa siffofi. To yaron da ke hadda haka ai ba daƙiƙi ba ne.

Ga inda ake kuskure. Kin ce "ɗauko takalminka", yana cikin warware maganar, sai ki ce "ba ka ji ba ne? Je ka sa takalmi!" Wannan sabuwar jimla ce, dole ya koma farko. Ki kira sunansa, ki faɗi umarni ɗaya a kalma 3 ko 4, ki ƙirga 10 a zuciyarki. Goman nan tsawo gare ta, za ki ji kamar ki fashe, ki daure. In bai motsa ba, ki maimaita da kalmomin farko, ba ƙari, kina nuna takalmin. A kashe rediyo, ƙannensa su yi shiru.

Wani likita: Hajiya, kan girman ƙwaƙwalwa: jijiyoyinta suna da rufi mai maiƙo, mayelin, kamar robar da ke jikin wayar lantarki, shi ke sa saƙo gudu. Rufin nan ba ya kammala sai an haura shekara 20. A wasu yara masu galahanga ƙwaƙwalwa takan yi saurin girma a shekarun farko, kuma layukan da ke haɗa sassanta masu nisa sukan bambanta da na sauran yara. Saurinsa zai ƙaru da shekaru, ko da bai kamo tsaransa ba.

Sai dai kada a jingina komai ga galahanga. A gwada jinsa, don ruwa a bayan dodon kunne yana kawo irin wannan. Sannan ki lura: in ya ƙura ido na daƙiƙa 10 haka, kin taɓa kafaɗarsa bai san kin yi ba, ya dawo bai tuna komai ba, sau da yawa a yini, wannan na iya zama wata irin farfaɗiya da ba a faɗuwa. Ki ɗauke shi bidiyo da waya ki nuna wa likitan yara a asibitin gwamnatin tarayya na Gusau (FMC), za su iya tura ku gwajin EEG, wanda ke auna aikin lantarkin ƙwaƙwalwa.

Ma'aikaciyar lafiya: Ƙari a kan na likita. Ko kun taɓa zama wajajen Anka ko Bukkuyum, ko akwai mai daka dutsen zinare a gidanku? Gubar dalma da ta ɓulla a can a 2010 ba kisa kaɗai ta yi ba, tana rage kaifin tunani a yaran da suka rayu, kuma gwajin jini ne kawai ke nuna ta. A duba ƙarancin jini ma, da barcinsa: mai shekara 8 yana buƙatar awa 9 zuwa 12.

Malamar yara masu buƙata ta musamman: Na manta batun allo. Kwafa aiki huɗu ne a haɗe: ɗaga kai, nemo layi, riƙe kalma, rubutawa. Ki roƙi malaminsa ya ba shi darasin a takarda ya aje gefen littafinsa, ya zaunar da shi gaba. In lissafi 20 aka ba aji, a ba shi 10, a duba daidai ne ko a'a. Bulala kuwa ƙara masa jinkiri take, don mai tsoro ba ya iya tunani.

Uwar yaron: Na gode, Allah ya saka da alheri. Kakarsa a Anka take, kuma ya yi shekara biyu wajenta. Gwajin jinin zan fara nema.