Neman kalmar Hausa: gurbi, hoto da ɗauka ɗaya a jadawalin shafuka

Salamu alaikum 'yan uwa masu harkar kwamfuta, da malamanmu na Hausa. Akwai kalmomin da nake so mu daddale. Ranar Asabar da yamma ina zaune da wasu ƙannena masu koyon rubuta manhaja a wani shago da ke titin Beirut, muna duba yadda Linux, wata babbar manhaja mai jan ragamar sauran manhajoji, ke sarrafa ƙwaƙwalwar kwamfuta, sai muka iso kan abin da Turawa ke kira "page table entry", PTE a taƙaice. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Yaya, na sa a waya ta fassara min, ta ce shigarwar teburin shafi." Na ce to me ka fahimta? Ya ce kamar ana ɗora wani abu a kan tebur. Abin ya tsaya min a rai, domin yaron yana da kai, kalmar ce ta ɓatar da shi.

Ga yadda abin yake. Kowace manhaja da ke gudana tana kiran wurare a ƙwaƙwalwa da adireshin laƙabi, ba ta san ainihin inda kayanta suke a cikin ram ba, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita nan take. Babbar manhaja ce ke yanka ƙwaƙwalwar gida-gida, kowane gida sunansa shafi, yawanci bayit 4096 (bayit ma'aunin girman bayani ne), ta kuma ajiye lissafin da ke cewa laƙabi kaza yana wuri kaza. Dabarar tsohuwa ce, tun kwamfutar Atlas ta Jami'ar Mancesta a Ingila, 1962. A kwamfutocin x86, wato irin na Intel, masu bit 64 (bit ƙwayar bayani ce mai zama a kunne ko a kashe, takwas ke yin bayit), kowane lissafi yana da wurare 512, kowane wuri bayit 8 ne, kuma lissafin hawa huɗu ne, na sama yana nuna na ƙasa, har a kai ga kayan. Wasu sababbin masarrafai, wato na'urorin da ke aiwatar da umarni a cikin kwamfuta, suna iya hawa biyar.

Kalmomi biyu na farko, page da table, ba su ba ni wahala ba. Shafi ya zauna. Tebur kuwa na kafinta ne, a bar masa abinsa. Jadawali muke da shi tun a makarantar allo da ta boko, don haka lissafin nan mu ce masa jadawalin shafuka.

Ta ukun, entry, ita ce matsalar, kuma a kanta nake so mu daɗe. Kalmar Turancin tana ɗauke da abu biyu a ciki ɗaya: wurin da ake rubutawa, da abin da aka rubuta a wurin. A cikin lambar Linux an raba su, ptep shi ne mai nuna wurin, pte shi ne abin da ka karanto. Amma a baki duka sunansu ɗaya, kuma daga wannan cakuɗawar kurakurai da yawa suke fitowa. Shawarata ita ce wurin mu kira shi gurbi. Bahaushe ya san gurbi yana nan ko da babu kowa a ciki, ya san mai zama a cikinsa yana sauyawa. Shi ya sa muke cewa zaɓen cike gurbi, shi ya sa ɗan dara yake tashi daga wannan gurbi ya faɗa wancan. Abin da ka karanto ka riƙe a hannu kuma mu kira shi hoton gurbi.

Me ya sa hoto? Saboda gurbin ba naka ba ne kai kaɗai. Wayar da ke aljihunka ma tana iya samun masarrafai takwas suna aiki lokaci guda, kowacce tana iya sauya gurbin. Ku ɗauki littafin sito a Kantin Kwari: layi ya ce dilar atamfa kaza tana sito na uku. Ka leƙa ka ga tana nan, ka ɗaga kai ka amsa sallama, ka sake leƙawa don ka kwafi lambar siton. A tsakanin leƙe biyun nan wani yaron shago ya goge ya rubuta cewa an tura dilar wani wuri. Tabbacin da ka samu na tsohon rubutu ne, lambar da ka kwafa ta sabo ce.

Haka yake faruwa a kwamfuta ba tare da ƙari ba. Bit na farko a gurbi, mai lamba 0, shi ke cewa shafin yana cikin ram. Mai rubuta manhaja ya duba gurbi ya ga bit ɗin a kunne, ya koma gurbin ya ɗauko lambar wurin. Idan a tsakani an kwashe shafin an kai shi faifai, gurbin yanzu yana ɗauke da inda aka ajiye shi a faifan ne. Sai a ɗauki wannan lamba a matsayin wuri a ram, a je a taɓa kayan wata manhaja daban. Maganin shi ne ka ɗauki hoto sau ɗaya, duk tambayar da za ka yi ka yi wa hoton.

A nan ne na ga dacewar kalmar, domin da ma hoto ɗaukarsa ake yi. Abin da Linux ke kira READ_ONCE, wanda ya shigo a fitowa ta 3.19 a 2015, mu ce masa ɗauka ɗaya. Kuma ba ado ba ne. Ko ka kwafe gurbin cikin wani suna, kwamfaila, wato manhajar da ke mayar da rubutunka harshen na'ura, tana da izinin ta koma gurbin ta sake karantowa, domin dokar harshen C ta bar ta ta ɗauka babu mai taɓa wurin. Ɗauka ɗaya ce ke ɗaure mata hannu. A kanta aka gina ptep_get, hanyar da Linux ke bi ta karanta gurbi, kuma a 2023, a fitowa ta 6.5, Ryan Roberts na kamfanin Arm ya bi sashen ƙwaƙwalwa na Linux ya mayar da masu leƙa gurbi kai tsaye su bi ta wannan ƙofa. Amfanin ya fito a 6.9, lokacin da Linux ta fara haɗa gurabe 16 a jere na shafukan manhajoji na yau da kullum a masarrafan Arm su zama yanki guda mai kilobayit 64. A irin wannan haɗin, wasu alamomin suna iya faɗawa kan kowanne daga cikin gurabe 16 ɗin, sai ptep_get ta zagaya ta tattaro su. Wanda ya leƙa gurbi ɗaya da kansa zai iya rasa alamar.

Wani dattijo malamin Hausa ya yi min magana cewa sadara ta fi gurbi, tunda jadawali rubutu ne. Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyaranku a kan jam'in, gurabe ne, na kuma gode. Amma a kan sadara ina neman afuwa. Sadara ita ce rubutun kansa, in an goge ta babu ita. Mu kuwa muna bukatar kalmar da za ta tsaya ko an goge abin da ke ciki, domin gurabe da yawa a jadawali fanko ne, kuma fankon ma karanta shi ake yi. In Malam ya ga wata da ta riƙe wannan ma'ana fiye da gurbi, a shirye nake in bi.

Akwai wata ɓarnar da ta fi ta leƙe biyun nan ban tsoro. Tun Pentium Pro na 1995, Intel ta kawo tsarin PAE, inda masarrafa mai bit 32 take aiki da gurbi mai bit 64. Karatun da aka saba yi a irin wannan masarrafa rabi-rabi ne, na ƙasa sannan na sama. In an sauya gurbin a tsakani, sai ka tashi da rabin tsoho da rabin sabo, lambar da babu wanda ya taɓa rubuta ta. Turawa suna cewa karatun ya yage. Wata ƙanwata a cikin ɗaliban ta ce, "Yaya, ai wannan gamin gambiza ne." Ba ni da abin ƙarawa. Yagewa tana nuna abu ya ragu, alhali a nan bit 64 ɗin sun cika cif, haɗin ne ba na gaskiya ba, kuma cikar tasa ce ke sa a yarda da shi. Dabarar ptep_get_lockless a kan irin waɗannan na'urori ita ce ta karanta rabin ƙasa, ta karanta na sama, ta koma ta duba na ƙasa. In ya sauya, ta sake daga farko.

Ina so a kula, ɗauka ɗaya ba ta hana hoto tsufa. Tana dai ba ka hoton da ya taɓa zama gaskiya. Shi ya sa idan za a yi aiki da shi, sai a kama makullin jadawalin, wanda ke hana sauran manhaja taɓa shi, a sake duba gurbin, a gwada da hoton ta hanyar pte_same. In sun saɓa, a bar aikin a koma baya. Saboda haka ban yarda mu ce wa irin wannan karatun gurbi karatu cikin lafiya ko karatun tsaro ba, kamar yadda wasu suka kawo. Tsaro yana kai hankali ga ɓarawo, nan kuwa duk 'yan gida ne ke rige-rige. Amintaccen karatu na fi so, wato wanda za ka iya dogara da shi ka yanke hukunci.

Saura guda da ban samu ba. Ko kana riƙe da makulli, masarrafa da kanta tana buga alamomi biyu a gurbi ba tare da ta nemi izini ba: a x86, bit na 5 yana cewa an ziyarci shafin, bit na 6 yana cewa an yi rubutu a kansa. Na 6 ɗin nan in ya ɓace, babbar manhaja za ta ɗauka shafin bai sauya ba, ta jefar da shi ba ta mayar faifai ba, aikin mutum ya salwanta. Shi ya sa wajen share gurbi ake musanya shi da sifili a taki guda. Turawa suna kiran bit na 6 ɗin da kalmar datti, kuma na ga ɗalibaina suna ɗauka shafin ya lalace ne a zubar, alhali shi ne wanda ya fi bukatar a adana. Na gwada alamar sauyi, ta yi min tsawo a baki. Masu harkar ɗab'i da masu duba takardun jarrabawa, me kuke ce wa shafin da aka yi wa gyara amma ba a mayar da gyaran cikin asalin ba tukuna?