Na koya wa ɗalibaina abin da nake shakka a kai, yaya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Turanci nake koyarwa a babbar sakandare. Ranar Talata wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce wai kalmar news, wato labarai, daga harufan farko na north, east, west da south (arewa, gabas, yamma da kudu) aka haɗa ta. Na taɓa ganin haka a WhatsApp, sai na ce mata haka ne, har na rubuta a allo suka kwafe. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Gaskiya ne kuwa? In ba haka ba ne, da wane ido zan kalle su?

Wani tsohon malami: Wa'alaikumus salam 'yata. Ba gaskiya ba ne. News jam'in new ce, wato sababbin abubuwa, kuma sama da shekara 500 ke nan Turawan Ingila suna faɗinta. Ƙirƙirar kalma daga harufan farko sai a ƙarni na 20 ta yaɗu, irin su radar, na'urar gano jirage daga nesa. Ki koma ki ce kin bincika kin gano kuskure. Da alli a hannu na tsufa, ban ga yaron da ya raina malami don ya gyara kansa ba.

Wata malama: Amma 'yar uwa kada ki shiga hannu rabbana, ki tafi musu da labarin gaske. Ki ba su na boycott. A 1880, a yankin Mayo na ƙasar Ailan, akwai wani Kyaftin Charles Boycott mai karɓar wa wani attajiri kuɗin hayar gonaki. Amfanin gona bai yi kyau ba, manoma suka roƙi ragi, shi kuwa ya tashi korarsu. Sai gari ya juya masa baya: 'yan ƙwadago suka watse, masu kanti suka ƙi sayar masa da komai, ko wasiƙa aka daina kai masa. Kafin shekarar ta fita, jaridu sun mai da sunansa kalmar ƙauracewa. Ɗalibaina har yau ba su manta ba.

Wani ɗalibin jami'a: Malama, ki ƙara da alcohol. Asalinta Larabci ne, al-kuhl, wato kwallin da iyayenmu mata ke rangaɗawa. Da ta shiga Turanci a ƙarni na 16, lallausan gari take nufi, daga baya ta koma kan abin da aka tace, sannan barasa.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, Baba, da ku duka. Ranar Litinin zan ari tandun kwallin Inna in shiga da shi aji. Amma sai kowa ya buɗe littafinsa mun soke wancan layin tukuna.