Neman shawara: harufa masu kauri da karkata a allon shagon ɗinki

Issufu, Tawa: Assalamu alaikum, manyan gida. Zan yi wa shagon ɗinki allo mai faɗin mita 2, sunansa "Ɗinkin Ƴan Birni". Mai shagon tana son harufa masu kauri, masu karkata, masu ƴar ƙafa a ƙarshen layukansu, irin na samfurin harufa mai suna Bodoni. Da sitika za a yanka. Ɗ da Ƴ sun fito wata siffa dabam, kuma ina tsoron siraran layukan. Me zan yi?

Malam Habibu: Wa alaikumus salam, ƙanena. Samfurin da ka ɗauka ba shi da harufanmu masu lanƙwasa, sai kwamfuta ta aro su daga wani. Kafin ka zaɓi kowane iri, rubuta ɓ ɗ ƙ ƴ manya da ƙanana ka gani. Charis SIL da Noto Serif suna da su, da mai kauri mai karkata, kuma kyauta ne. In mai shagon ta nace kan irin na Bodonin, mayar da rubutun zane a manhajar CorelDRAW da Ctrl+Q, ka ɗebo lanƙwasar daga kan harafin f na samfurin ka ɗora wa D da Y, kaurin zai zo ɗaya.

Hajiya Rabi, Yamai: Tsoronka na kan hanya, ɗana. Irin Bodoni da Didot, waɗanda aka zana a Italiya da Faransa ƙarshen ƙarni na 18, kyansu a bambancin layi mai kauri da siriri yake, kuma nan ne rauninsu. Layin da bai kai milimita 2 ba yakan tsinke wajen ɓare sitika, wanda ya tsira kuma zafin Afirilu ya ɗaga bakinsa, ƙura ta shige ƙarƙashi. Auna mafi sirantar wuri bayan ka kai rubutun girmansa na gaskiya. In ya gaza milimita 3, ƙara masa kauri ta waje, ko ka koma Cooper Black Italic, wanda ba shi da siririn layi sam.

Kar kuma ka karkatar da miƙaƙƙen harafi da kanka. Mai karkata na asali zanensa dabam ne, dubi harufan a da f. Wanda aka karkatar da dole yakan murɗe harafin o, kaurin ya koma inda bai dace ba.

Malam Habibu: Sunan shagon kawai za ka rubuta da mai kauri mai karkatar, kuma ba da manyan harufa zalla ba, suna cunkushewa. Lambar waya da "maza da mata" a miƙaƙƙen harafi marar ƙafa. Lissafin masu allo: santimita 2 da rabi na tsayi ga kowace mita 3 ta nisa, wato mai karantawa daga mita 20 yana son wajen santimita 17.

Sani: Bar fili a dama fiye da hagu, don harafin ƙarshe yana jingina can. Matso da Ƴ kusa da harafin a da hannu. Buga a A4, manna a bango, ja baya taku biyar kafin ka taɓa sitika.