Me za mu ce da Hausa a madadin "diboshan"?

Sakataren matasa: Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. An ba ni aikin rubuta tsarin taron matasa na ƙarshen shekara, Baba Fasto kuma ya ce kada Turanci ya shiga saboda masu zuwa daga ƙauyuka. Na yi ta tafiya lafiya har na iso kan "diboshan". Ba na taro nake nufi ba, wanda mutum yake yi shi kaɗai da asuba, daga shi sai Littafi Mai Tsarki sai addu'a. Na rubuta "lokacin shiru", da na karanta da ƙarfi sai na ji kamar malamin firamare ne ya ɗaga bulala. Ku agaza.

Mama ta Zumuntar Mata: Ɗana, mu dai sujadar safe muke cewa tun muna 'yan mata. Me ya same ta?

Sakataren matasa: Ba abin da ya same ta, Mama. Amma in na rubuta sujada, yaran nan za su taru wuri ɗaya suna jiran mai ba da waƙa da mai karɓar baiko.

Malamin makarantar Lahadi: To a sa "bimbini". Kalmar Ibrananci da ke Zabura 1:2, inda mai albarka yake juya shari'ar Ubangiji dare da rana, ita ce Ishaya ya yi amfani da ita ga gurnanin zaki a kan abin da ya kama, da kuma kukan kurciya. Wato mutum yana ta maimaita magana ƙasa-ƙasa har ta shige shi. Bimbini ke nan. Ko kuwa "ganawa da Ubangiji".

Mama ta Zumuntar Mata: Malam, ganawa kuma? A rediyo ake cewa shugaban ƙasa ya gana da gwamnoni. Ni wace ce da zan ce na gana da Mahaliccina, sai ka ce na ba shi lokaci a ofis?

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi: Baba da Mama, "halwa" fa? Masu fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa a 1932, su Dokta Miller na Zariya, ai daga bakin jama'a suka ɗauko addu'a da annabi da zunubi, ba wanda ya ce an yi sata.

Baba dattijon ikilisiya: Gaskiyarka ɗana, aro ba laifi ba ne. Sai dai halwa a wurin maƙwabtanmu 'yan ɗarika kwanaki ake yi a ɗaki ba fita, kalmar tana da nauyinta, kada mu ɗora ta a kan minti ashirin kafin a kunna murhu. Bimbinin Malam kuma na karɓa, amma rabin aikin ne, ya bar addu'a a waje.

Ni "keɓewa" nake so, ga dalili. A Markus 1:35 Yesu ya tashi tun da sauran duhu ya tafi inda ba kowa ya yi addu'a, har su Siman suka bi sawu suna nemansa. A Matiyu 6:6 ya ce a shiga ɗaki a rufe ƙofa. Sannan ita kalmar Turancin daga Latin ta fito, asalinta miƙa abu ga Allah da wa'adi. Mu ma in mun ce an keɓe abu, ai an ware shi ne ga mai shi, ba a taɓa shi kuma. Ka ga ta ɗauki wurin, ta ɗauki mutumin.

Bari in tona wa kaina asiri. Shekaru na yi ina sauke Littafi kowace shekara, surori 1,189, uku zuwa huɗu a rana, ina kuma jin daɗin faɗa a taron dattawa. Wata safiya uwargida tana miƙo mini koko ta ce, yau me Ubangiji ya ce maka? Na buɗe baki, ba abin da ya fito sai lambar sura. Bafarisiyen nan na Luka 18 da ke lissafa azuminsa da zakkarsa, ashe a ɗakina yake kwana. Karatu na yi, ban keɓe ba. Yakubu 4 da ya ce mu kusaci Allah shi ma zai kusace mu, ayoyi biyu gaba ya ce mu ƙasƙantar da kanmu, ni kuwa ta farkon kaɗai na ja wa layi.

Malamin makarantar Lahadi: Baba, na sauka daga kan ganawa. Kuma tana da daɗin juyawa a baki: na keɓe, ka keɓe yau? Mai ɗaukar hoton Littafinsa a buɗe yana sawa a WhatsApp da ƙarfe biyar na asuba dai ba zai iya amsa e ba.

Mama ta Zumuntar Mata: Ni fa a bar mini sujadata.

Sakataren matasa: An bar miki, Mama. Na rubuta: 5:30, keɓewa da Ubangiji, kowa da Littafinsa. 6:00, sujadar safe, a majami'a. Baba, ko minti talatin ya yi kaɗan?