Girgizar gaban babbar a-kori-kura: taya ce ko ƙafar mota?

Mai Ram 2500: Salamu alaikum. Gaban motata yana tsalle, sitiyari yana rawa daga gudun kilomita 90 zuwa 110, in na wuce nan sai ya lafa. An ce min duk girgizar gaba matsalar balansin taya ce. Haka ne?

Mai gyaran taya: Wa'alaikumus salam. Haka ne, Alhaji. Girgizar da ke zuwa a wani gudu, ta ragu in an wuce shi, taya ce. Ko dalmar balansi ta faɗi, ko laka ta bushe a cikin rim. A sake balansi kawai.

Bakanike: Oga, "duk" ɗin nan ne ban yarda da shi ba. Ram 2500 da Ford F-250 masu jan ƙafa huɗu aksil ɗaya ne ya haɗa tayoyinsu na gaba, kuma sandar ƙarfe guda ce ke hana shi zamewa hagu da dama. In bushin ɗinta (robar da ke bakin sandar) ya ci, ko bol join (mahaɗin da taya ke juyawa a kansa), ko tairod (sandar da ke kai juyin sitiyari ga taya), da an taka rami da gudu sai gaban ya kama jijjiga kamar zai tarwatse, ba ya dainawa sai an rage gudu sosai. Wannan jijjigar, balansi ba ya maganinta, kuma tana iya kisa.

Mai gyaran taya: Amma ai bai ce rami ke tayar da ita ba.

Bakanike: Gaskiya ne, rawar sitiyarin na bar maka. Tsallen fa? Shokabzoba ta mutu, taya na dukan kwalta, har ka ga ta ci gurbi-gurbi. Ka yi mata balansi yau, ta koma gidan jiya.

Direban tirela: Ku duka kun manta iska. Tayoyin nan masu lamba E, wato na ɗaukar nauyi, ana iya ba su iska har PSI 80 a ma'aunin iska, amma don kaya mai nauyi ne. Mota ba kaya, an cika kowace taya 80, dole ta yi tsalle. A bi takardar da ke jikin ƙofar direba.

Mai gyaran taya: Wannan na yarda. Akwai ma tayar da injin balansi zai nuna sifili amma ba ta zagaye daidai ba, sai an ɗaga mota an juya ta ake ganin tudun.

Bakanike: To Alhaji, kafin ka sayi komai, mayar da tayoyin gaba baya. In girgizar ta bar sitiyari ta koma kujera, Oga ya ci. In tana nan, wani ya riƙa murza sitiyari hagu da dama mota na ƙasa, kai ka leƙa ka ga inda ke wasa. Kada a sa maka sabuwar dampar sitiyari, wato shokabzobar da ke rage rawar sitiyari, a ce an gama, ɓoye ciwon take yi.

Mai Ram 2500: Na gode. In na taka birki ba ta ƙaruwa.

Bakanike: To cire faifan birki daga lissafi. Fara da musayar tayoyin, ka faɗa mana.