Filin kurket na Sharja: me ya sa 'yan Pakistan da Indiya ke girmama shi haka?

Abu Usama, Jidda

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san harkar kurket, wasan nan da ake jefa ƙwallo a doke shi da sanda, ya fitar da ni daga duhu. Ni direba ne a wani kamfanin rarraba kaya a nan Jidda, abokan aikina galibi 'yan Pakistan ne da Indiya. Kowace Juma'a da an sallame asuba sai su hallara a wani fegi bayan sito, su naɗe ƙwallon tanis da salatif, su kafa akwatin lemo a madadin sandunan da mai jifa ke hara, su yi ta bugu har rana ta take. Yarona Usama, shekararsa 13, tun bara yake bin su, yanzu har suna ba shi jifa.

To hutun makaranta mai zuwa za mu je Imarat, wato Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wurin kawunsa, shi kuma ya kafe sai na kai shi filin kurket na Sharja. Na ce ai na Dubai ne babba, ya ce shi dai Sharja. Abokan aikin nawa ma, da ka ambaci sunan sai ka ga dattijo ya ajiye kofin shayi ya gyara zama. Don Allah mene ne tarihin wurin, kuma me za mu tarar idan mun je?

Baba Alhaji, Riyad

Wa alaikumus salam, Abu Usama. Allah ya raya Usama, ya yi masa albarka. Ka kai shi. Na yi aikin wayar lantarki a Sharja kafin in dawo Saudiyya, filin yana cikin unguwar masana'antu, ba nisa da inda muke kwana.

Wani ɗan kasuwar Imarat, Abdul Rahman Bukhatir, shi ne ya assasa shi. A Karachi ya yi karatu yana yaro, can son wasan ya kama shi. Da ya dawo gida sai ya ga ƙasarsu ta cika da ma'aikata daga Indiya da Pakistan da Sirilanka, mutanen da kurket ke cikin jininsu, amma ba inda za su je su kalla. A 1981 ya kafa wata gidauniya mai suna CBFS, wadda ke shirya wasanni ana cire wani kaso na kuɗin ana bai wa tsofaffin 'yan wasa, domin a wancan zamanin ɗan wasa kan yi suna ya tsufa ba shi da ko sisi. Asif Iqbal, tsohon kyaftin ɗin Pakistan, ya taimaka masa wajen jawo manyan 'yan wasa. A farkon shekarun 1980 aka gina filin, a watan Afrilun 1984 kuma aka buga Kofin Asiya na farko a cikinsa, tsakanin Indiya da Pakistan da Sirilanka. Indiya ta ɗauka.

Ka lura da wannan, domin shi ne ƙashin bayan labarin. Indiya da Pakistan maƙwabta ne da ba sa ga-maciji, sun gwabza yaƙi a 1965 da 1971, ziyarar wasa tsakaninsu kullum tana hannun 'yan siyasa. Sharja ba gidan kowa ba ce a cikinsu, amma kowa yana da dubban 'yan ƙasarsa a can. Sai ka ga birkila ɗan Lahor da akawu ɗan Kerala, waɗanda mota ɗaya ke kai su aiki, ranar wasa kowa ya ɗauko tutarsa, a tashi kuma su koma ɗaki ɗaya.

Abin da ke sa dattawan Pakistan gyara zama ya faru ne ranar 18 ga Afrilu, 1986, a wasan ƙarshe na kofin Austral-Asia. Indiya ta tara maki 245. Pakistan ta biyo baya har ya rage jifa ɗaya tak, tana neman maki 4, kuma idan aka sake fitar da mai bugu ɗaya daga cikin 'yan wasanta shi ke nan. Chetan Sharma na Indiya ya jefo, Javed Miandad na Pakistan ya ɗauke ƙwallon ya tsallake da shi iyakar fili bai taɓa ƙasa ba, maki 6 ke nan. Miandad ya gama da 116. Ka tambayi kowane ɗan Pakistan mai furfura inda yake a ranar, zai faɗa maka.

Na Indiyawa kuma da idona na gani, 22 ga Afrilu, 1998. Wani abokin aikina ne ya saya mini tikiti. Ostireliya ta tara 284, Indiya na cikin bugu sai ga guguwar yashi. Fitilun filin suka koma jajaye, 'yan wasa suka kwanta rub da ciki a kan ciyawa, mu kuma muka rufe fuska da riguna, yashi har cikin haƙora. Da ta lafa aka rage wasan, aka ce Indiya na buƙatar 276 ta yi nasara, ko 237 ta samu shiga wasan ƙarshe. Sachin Tendulkar, ɗan gajeren mutum, ya tsaya ya yi ta dukan jifan Shane Warne na Ostireliya da 'yan'uwansa har ya tara 143. Indiya ba ta ci wasan ba amma ta tsallake. Bayan kwana biyu, ranar da ya cika shekara 25, ya sake buga 134 suka ɗauki kofin. A 2023 aka sa wa ɓangaren kujerun yamma sunansa. Ka nuna wa Usama wurin.

Daga baya filin ya zama mafakar waɗanda ba su iya wasa a gida. A 2002 aka fara buga irin wasan kurket mai ɗaukar kwana biyar a filin, Pakistan da West Indies, ƙungiyar ƙasashen Karebiyan, saboda baƙi na tsoron zuwa Pakistan. Bayan harin da aka kai wa motar 'yan wasan Sirilanka a Lahor a watan Maris na 2009, Pakistan ta yi shekaru tana karɓar baƙinta a Imarat. Afganistan ma a 2010 ta mai da Sharja gidanta. Shi ya sa babu filin da ya kai shi yawan wasannin yini ɗaya na ƙasa da ƙasa a duniya, sun haura 250. Mu da ke cin abinci a ƙasar wasu, wuri irin wannan ba abin rainawa ba ne.

Abu Fahad, Dammam

Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, tarihi kam ka ba da shi. Amma bari in faɗa wa Abu Usama gaskiya game da ginin, kada ya je yana tsammanin abin da babu. Filin Sharja ƙarami ne kuma tsoho, mutum kimanin 16,000 yake ɗauka. An yi masa gyare-gyare, akwai fitilun wasan dare, babban allon maki, ɗakunan manyan baƙi, wurin 'yan jarida, da ragogin da ake koyon jifa da bugu. Amma idan kyan gini ake nema, na Dubai da aka buɗe a 2009 ya fi shi nesa ba kusa ba. Yana ɗaukar 25,000, yana da rufi mai ba da inuwa, kuma maimakon dogayen turakun fitila sai aka jera fitilu sama da 300 a gefen rufin suka zagaye filin, don kada inuwa ta dami 'yan wasa. Hukumar kurket ta duniya ma tun 2005 ta baro Landan ta koma Dubai.

Abin da Sharja ta fi shi shi ne kusanci. Iyakar filin gajeriya ce, kana zaune kana jin ƙarar sanda da maganar 'yan wasa. A gasar IPL ta 2020, wato gasar kulob-kulob ta Indiya, da aka kawo Imarat saboda korona, sau da yawa ƙwallo kan tsallake rufi ya faɗa kan titi.

Tunda yaron mai jifa ne, ya dubi tsakiyar filin da kyau. Tsirin da ake jifa a kai yadi 22 ne, ƙasa ce mai yumɓu da ake shayarwa a danne da rola har ta yi tauri, ba siminti da tabarma irin wanda akasari ake wasa a kai a nan ba. Yadda ƙwallo ke tashi a kansa daban ne.

Sannan Baba bai taɓo abu ɗaya ba: a 2001 gwamnatin Indiya ta hana 'yan wasanta zuwa Sharja.

Baba Alhaji, Riyad

Haka ne ɗana, kuma bai kamata a ɓoye ba. A 2000 asirin sayar da wasa ya tonu, Hansie Cronje kyaftin ɗin Afirka ta Kudu ya amsa cewa ya karɓi kuɗin 'yan caca, aka haramta masa wasa har abada, haka ma Mohammad Azharuddin na Indiya. Zargi ya yi yawa a kan wasannin da ake bugawa a wuraren da ba gidan kowa ba, Sharja ta fi kowa shan wannan guguwa. Daga 2003 zuwa 2010 filin ya yi shiru, ba manyan wasannin yini ɗaya. Abin ya yi mini ciwo, domin leburan da ya tara dirhaminsa ya sayi tikiti bai ci amanar kowa ba, shi aka hana kallo. Abu Usama, wannan ɓangaren ma ka gaya wa yaron. Duk wasan da caca ta shiga sai ta ɓata shi.

Ummu Hafsa, Makka

Sannunku da ƙoƙari. Yaya Abu Usama, idan da 'yan mata a gidan kada a bar su a baya. Gasar Kofin Duniya ta mata ta 2024 a Sharja da Dubai aka buga ta, bayan an ɗauke ta daga Bangladesh. Kuma 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun doke New Zealand a Malesiya a watan Janairun 2025, ashe mu ma ba a bar mu a baya ba.

A nan ma abin yana motsi. An kafa hukumar kurket ta Saudiyya a 2020, kuma a Jiddarku aka yi gwanjon 'yan wasan IPL a watan Nuwamban 2024. Ka nemi kulob mai rajista ka sa yaron, ya fara saba wa da ƙwallon fata da hular kariya.

Sai batun zafi. A watan Oktoban 2002 an buga wasa a Sharja cikin zafin da ya kusa digiri 50, Ostireliya ta fitar da duka masu bugun Pakistan a kan maki 59 a zagayen farko da 53 a na biyu, wasan kwana biyar ya ƙare a kwana biyu. Ku nemi wasan dare, ko ku bari sai sanyi ya shigo.

Abu Usama, Jidda

Allah ya saka muku da alheri, Baba Alhaji, Abu Fahad da Ummu Hafsa. Na karanta wa Usama duka, ya sa na maimaita masa wurin guguwar. Mun yi magana da kawunsa, zai duba mana jadawalin wasanni daga Nuwamba zuwa Fabrairu, mu ɗaga tafiyar zuwa hutun tsakiyar shekara. Idan akwai wanda ya san kulob ɗin yara a kudancin Jidda, don Allah ya yi mini magana.