Me ya sa hayaƙin janareta ke kisa alhali mai ƙarancin jini yana yawonsa?

Ummi_Lab:
Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah masu bayokemistiri ku taimaka min. Muna kan himogilobin (Hb), furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a jini, a wannan simesta, na san giraf ɗin da ke nuna yadda yake cika da oksijin kamar harafin S yake, amma ga abin da ya tsaya min a rai. Mai ƙarancin jini da Hb ɗinsa ya sauka zuwa 7 maimakon 14 za ka ganshi yana zuwa kasuwa, sai ɗan haki da jiri, amma wanda ya kwana da janareta ko gawayi a ɗaki har kabon monoksaid ya kama rabin himogilobin ɗinsa sai a tsince shi a sume ko ma ya rasu. To ai dukansu rabi suka rasa, me ya bambanta su?

Yaya_Biokem:
Wa alaikumus salam ƙanwata, amsar tana cikin S ɗin nan da kika ambata. Himogilobin sarƙa huɗu ne, alfa biyu beta biyu, kowace da him, wani zobe mai ƙarfe a tsakiya, wato kujeru huɗu na oksijin, kuma kujerun suna jin juna. Idan babu oksijin yana cikin yanayin T, a ɗaure yake, baya son karɓa. Da oksijin na farko ya zauna sai ƙarfen ya ɗan matso cikin zoben him ya jawo histidin, tubalin furotin ɗin da ke riƙe da shi, wannan ɗan motsin ne yake bin jikin furotin ɗin har alfa da beta guda su juya kamar digiri 15 a kan ɗaya ɓangaren, sai ya koma yanayin R inda sauran kujerun ke karɓa cikin sauƙi. Kamar mota a tasha ne, fasinjan farko shi ne wahala, tana fara cika kowa sai ya rugo. Max Perutz ne ya gano wannan siffa, ya samu kyautar Nobel a 1962.

Abin da ɗalibai ke mantawa shi ne amfanin wannan tsari a wajen saki yake. A huhu matsin oksijin kusan 100 mmHg ne, jini ya cika kusan kashi 97. A cikin jiki matsin wajen 40 ne sai ya sauka zuwa kashi 75, a tsokar da ke aiki tuƙuru kuwa matsin na iya kaiwa 20, nan sai ya zubar da mafi yawan abin da ya ɗauko saboda daidai gangaren S ɗin ne. Mai ƙarancin jini himogilobin ɗinsa kaɗan ne amma lafiyayye ne, yana ɗauka yana saki. Shi kuwa kabon monoksaid ya fi oksijin ƙarfin kamu sau 200 da wani abu, in ya zauna a kujera biyu sai ya maƙale furotin ɗin a R, sauran biyun su riƙe oksijin ɗinsu gam su ƙi sakar wa ƙwaƙwalwa da zuciya. Kin ga asara biyu kenan.

Nas_Hadiza:
Gaskiya Yaya ka fayyace. Bari in ƙara da abin da muke gani lokacin sanyi, iyali guda a kawo su da ciwon kai da amai, an rufe taga an kunna gawayi, ka sa musu ɗan abin auna oksijin na yatsa ya nuna 98 lafiya lau, saboda na'urar ba ta bambance jinin da ya kama kabon monoksaid da wanda ya kama oksijin. Shi ya sa tarihin abin da ya faru muke bi, a sa musu oksijin zalla nan take. Sannan Ummi ki tuna ƙarancin jini a hankali yake zuwa, jiki ya samu lokaci, zuciya ta ƙara bugu, wani sinadari mai suna 2,3-BPG ya ƙaru a jajayen ƙwayoyin jini, shi kuma tsakanin beta biyun yake shiga ya ƙarfafa T don a ƙara saki.

Ummi_Lab:
Allah ya saka da alheri, wallahi yanzu na gane. To sikila fa, ita ma da T da R ɗin nan take da alaƙa? Ƙanina SS ne shi ya sa nake son sani.

Yaya_Biokem:
Ƙwarai kuwa, Allah ya ƙara masa lafiya. A HbS, wato himogilobin ɗin sikila, tubalin furotin mai suna balin ne ya maye gurbin gulutamet a wuri na 6 na sarƙar beta, kuma sai a yanayin T ne, bayan ya saki oksijin, ƙwayoyin himogilobin ke manne wa juna su yi dogayen zare har ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje. Duk abin da ke tura shi T, zazzaɓi ko ƙaruwar asid a jini wanda Christian Bohr ya bayyana tasirinsa tun 1904, yana iya tayar da ciwon, haka ma rashin ruwa a jiki don yana sa HbS ɗin ya yi kauri a cikin ƙwayar. Jarirai kuma HbF, himogilobin ɗin da suke da shi tun suna ciki, shi ne ke kare su watannin farko don baya shiga zaren, shi ne maganin haidiroksiyuriya ke ƙarawa. Ki tambayi likitansa ko ya dace da shi idan ba a riga an ɗora shi a kai ba.